Kuturtar Gwaggo Tani

Ranar wata Laraba da hantsi Lukumanu ya sa aka sauke duro huɗu a bayan gidansu da ke Ruwan Bago, da buhu biyu na wani farin abu mai kama da gishiri. Gwaggonsa Tani na zaune a inuwar rumbu tana kaɗi. Ta ɗaga kai ta dubi kayan, ta dangwali alli, ta ci gaba da murza mazarinta. Ba ta san ita aka kawo wa ba.

Tani ƙanwar Malam Ɗanmaliki ce, mahaifin Lukumanu. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan yayanta da zama, ba ɗa ba jika, sai sana'ar hannunta. Kowa a ƙasar Rogo ya san rama, a ci ganyenta, a tufka igiya da ɓawonta. Amma Tani ce kaɗai ke iya sarrafa ɓawon nan har ya yi laushi, ta haɗa shi da auduga, ta kaɗa zaren da masaƙi zai saƙa zane da shi. Ƙyalle ɗaya na irin zanen nan Lukumanu ya ɗauka ya kai Kano, wurin wata ƙungiya da ke ba da tallafi ga masu ƙirƙiro tufafi daga tsirrai ba tare da sinadari ba. Aka ga ƙyalle, aka yaba, aka ba shi tallafi. A takarda shi ne mai basirar, shi da bai san ta inda ake kama mazari ba.

Nan da nan ya kama shago a Rogo, ya sa aka rubuta sunan kamfani da koren fenti, ya canja babur, ya canja tafiya. Abin da bai yi tunani ba shi ne rama ba ta san gaggawa ba. Tani kan kai dami rafi ta danne da duwatsu, ta bar shi kwana goma sha biyar har ɓawon ya ruɓe ya saki, sannan ta wanke, ta buga, ta shanya, ta tsefe. Shi kuwa ya rubuta wa ƙungiya cewa mata ashirin yake da su, kuma cikin wata uku zai tara zare mai yawa. Abin da yake da shi a zahiri tsohuwa ɗaya ce.

Ya zo ya durƙusa a gabanta, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Gwaggo, barka da hantsi. Ya aiki?"

"Aiki da godiya, Lukumanu. Wannan kayan fa? Man gyaɗa za ka fara sayarwa?"

Ya yi dariya. "Sauƙi na kawo miki, Gwaggo. Kin huta da zuwa rafi. A zuba wannan a ruwa, a tsoma rama yau, gobe ta saki."

Ta miƙe ta leƙa bakin buhun, ta ja da baya. "Wannan ai sodar masu sabulu ce."

"Ita ce, a Karaye na sayo. Amma surka ta za a yi sosai, ta koma kamar ruwan wanki. Sai dai don Allah, Gwaggo, maganar nan ta tsaya a bayan gidan nan. Mutanen ƙungiya ba sa son jin sunan soda. Ƙa'idarsu ce ta 'yan boko, ba su san wahalar aiki ba."

"Masu sabulu da muciya suke juya ta. Ba sa sa hannu."

"Tasu mai ƙarfi ce. Kuma ai ke kika ce rama in ba a murza ta da hannu ba cukurkuɗewa take yi."

Ta faɗa, ba ƙarya, amma a ruwan rafi take nufi. Ta tuna masa cewa a cikin kayan da ƙungiya ta aiko saboda ƙaiƙayin rama akwai kwali guda na safar hannu ta roba. Ya ce wannan a bar shi a rufe sai ranar da baƙi za su zo duba aiki, kada su tarar da kayansu sun tsufa su ce an yi almubazzaranci. Tani ta koma kan mazarinta. A gidan nan take ci, a gidan nan take kwana, kuma wanda ke durƙushe a gabanta a bayanta ya yi wayo. Washegari ta naɗe hannun rigarta.

Kwana uku na farko ba ta ji komai ba sai santsi. Da safe ta murza rama a duro, ta ɗauraye, ta shanya. Da la'asar ta zauna ta yi kaɗi. Zaren ya fito fari fat, ya fi na rafi haske, sai dai ba shi da ƙwari, in ta ja shi da yawa sai ya tsinke. Ta faɗa wa Lukumanu, ya ce farin ake so. A kwana na huɗu tafin hannunta ya fara ƙaiƙayi. A na shida fatar tsakanin yatsunta ta tsage. Kafin mako biyu fatar ta soma saɓulewa, in ta dangwali alli sai allin ya koma ja.

Ta nuna wa Lukumanu. Ya ɗan leƙa daga inda yake tsaye, ya ce hannu ne bai saba ba, zai saba. Da yamma ya kawo mata wani mai daga kemis a ƙaramar kwalba, ya ajiye a bakin ƙofarta yana jira a gode masa. Ta gode masa kuwa. Washegari ya ƙara soda a duro, don ya ga ramar da aka kawo daga Jajaye ta fi tauri.

Alwala ce ta fara gagarar ta. Ruwan sanyi na taɓa hannun sai ta ji kamar an ɗora mata garwashi, hawaye na zuba ba da niyyarta ba. Ta koma taimama, ita ma ƙasar sai ta shiga cikin tsagar. Daga nan sai tuwo. Miyar kuka da ɗan yajin da ke cikinta ta zama azaba, ta roƙi Bahijja, matar Lukumanu, ta ara mata cokali. Tsohuwar da ta shekara sittin tana cin tuwo da hannu ta koma tana fama da cokali kamar baƙuwar birni, rabi a baki rabi a zane. Duk da haka kowace safiya tana bayan gida. Takan naɗe hannun da tsumma ta tsoma, tsumman ya sha ruwan ya riƙe shi a kan ciwon har azahar.

A mako na huɗu Tasalla ta shigo. Ƙawarta ce tun suna 'yan mata, ita ma makaɗiya ce, amma ta auduga zalla. Ta zo jin dalilin da ya sa kwana biyu ba a ganin Tani a rafi. Suka gaisa, aka tambayi gida da jikoki da gajiya, sai idonta ya sauka a kan tsumman.

"Tani, me ya sami hannunki? Kwance mu gani."

Tani ta kwance. Tasalla ta yi salati ta dafe ƙirji. Yatsun sun kumbura, farce biyu sun fita, tafin ya yi jawur yana tsattsafo da ruwa.

"Wane irin ciwo ne wannan? Me kika taɓa?"

Tani ta buɗe baki, sai Bahijja da ke tsakar gida tana tankaɗe ta riga ta.

"Wallahi, Inna Tasalla, mu ma abin ya ɗaure mana kai. Haka kawai ya fito mata. Muna dai addu'a kada ya zama ciwon nan da ba a son faɗa."

Tasalla ta dubi Bahijja, ta dubi hannun, ta gyara zama ta ɗan matsa baya. Ruwan da aka kawo mata a moɗa ba ta sha ba. Ta yi addu'ar samun lafiya mai tsawo, ta ce ta bar tukunya a wuta. Kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa Tani ta kamu da kuturta.

Da maganar ta je kunnen Lukumanu, sai ka ce an yi masa bushara. Da ma abin da ke damunsa shi ne yadda zai yi da bakin mutane in suka ga hannun, ga shi matarsa ta samo masa mafita a kyauta. Bai ce kuturta ce ba, bai kuma ce ba ita ba ce. Duk wanda ya yi masa jaje a masallaci sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Jarrabawa ce, a taya mu da addu'a." Aka kwashe kayan Tani daga ɗakinta na tsakar gida aka mai da ita wani ɗan ɗaki da ake ajiye buhunan gyaɗa, dab da inda duron yake. Aka ware mata kwano da moɗa da buta. Bahijja takan turo mata abinci da ƙafa daga bakin ƙofa. Abin ƙyamar shi ne Bahijja ta fi kowa sanin gaskiya, don ita ke ɗebo ruwan da ake surka sodar, amma da ta kwana biyu tana wasan sai ta fara toshe hanci da gaske.

Tani ta jira har ta ji takun yayanta zai wuce gona, ta kira shi.

"Yaya, ina kwana. Don Allah ina da magana."

Malam Ɗanmaliki ya tsaya nesa da ƙofar, carbi a hannu. "Lafiya lau, Tani. Ya jikin?"

"Jiki ba daɗi, Yaya. Ina so a kai ni asibiti a Rogo. Yatsun nan sun fara ƙin miƙewa."

"Ba yaron nan ya kawo miki magani ba?"

"Man shafawa ne. Ba ya yin komai. Kuma Yaya ka san ba kuturta gare ni ba. Ka san abin da ke cikin duron nan."

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Tani, ke ba yarinya ba ce. In aka je asibiti likita zai tambaya, ke kuma ba ki iya ɓoye magana ba. Daga nan sai ta fita, ta je Rogo, ta je Karaye, ta kai Kano. Su mutanen nan ba sa wasa. Ƙwace tallafin za su yi, su kai yaron nan kotu. Kina so ki ga an sa masa ankwa a gaban mutane? Ɗanki ne fa."

"To sunan da aka sa mini fa?"

"Suna ai magana ce, tana wucewa. Ki ƙara haƙuri, saura wata ɗaya baƙi su zo su tafi. Suna tafiya, ni da kaina zan sa a kai ki. Tunda nake ban taɓa ganin arziki ya leƙo gidan nan ba sai bana, kada ya zama ta hannunki ya fita."

Ya ja carbinsa ya wuce. A ransa ya yi nasiha, ya sauke nauyin zumunci.

A mako na bakwai hannun ya ƙi. Ta tsoma shi a duro, ta nemi damƙar rama, yatsun suka ƙi rufewa. Lukumanu ya zo ya tsaya a kanta ya ga da gaske ne, ya yi tsaki a hankali, ya ce ba komai, abin da aka tara ya isa a nuna. Ko sannu bai ce ba. Daga ranar aka bar ta ta huta, in ana kiran zaman ɗakin gyaɗa hutu. Matan da suka saba kawo mata auduga suka daina zuwa. Aka yi suna a maƙwabta, ba a aiko mata da goro ba. Tana jin guɗa daga inda take zaune, ƙudaje na bin tsumman hannunta, ba ta da yatsan da za ta kore su.

Ana jibi baƙi za su zo gida ya kacame da shiri. Aka kwarara ruwan duro a wani rami, aka gangara da duron gona aka rufe da karan dawa. Aka kai dami uku na rama rafi aka danne da duwatsu yadda Tani ke yi. Aka share tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi sababbi. Lukumanu ya bi unguwa ya tattaro mata, har da Tasalla, ya ce su zo da mazarinsu su zauna na yini ɗaya, akwai shinkafa da ɗan abin sabulu. Aka buɗe kwalin safar hannu aka raba. Bahijja ta sha lalle har wuyan hannu, aka zaunar da ita a tsakiya a matsayin shugabar mata.

Da safen ranar Malam Ɗanmaliki ya sake tsayawa a ƙofar ɗakin gyaɗa. Ya ce, "Tani, ki rufa mana asiri, Allah ya rufa miki." Ya ja ƙofar ya tafi.

Mota ta iso da hantsi. Mutum uku ne, shugabarsu wata mace mai suna Rumasa'u, ba ta wuce shekara talatin da biyar ba, da littafi a hannu. Tani na jin komai ta jikin ƙofa. Ta ji Lukumanu yana bayani da murya mai daɗi, yana faɗar kwana goma sha biyar a rafi, da duwatsu, da bugu, da tsifa, kalma bayan kalma yadda ta koya masa. Ta ji an je rafi an dawo. Sannan ta ji muryar baƙuwar.

"Malama Bahijja, ɗan kaɗa mana mu gani."

Sai ta ji ƙarar mazari ya faɗi ƙasa, mata suka ƙyalƙyale da dariya. Lukumanu ya ce kunya ce, matan ƙauye ba su saba da baƙi ba.

"To wa ya kaɗa wannan zaren?" in ji Rumasa'u. "Hannu ɗaya ne ya yi shi, ana gani. Ina mai hannun?"

Lukumanu ya yi gyaran murya ya ce gwaggonsa ce, ita ta koya wa sauran, amma Allah ya jarrabe ta da ciwon da ake ɗauka, ba za a so baƙi su kusance ta ba. Rumasa'u ta ce ko daga nesa ne sai ta gaishe ta.

Ƙofa ta buɗe, haske ya shigo. Baƙuwar ba ta tsaya nesa ba. Ta cire takalmi ta shigo, ta durƙusa a gaban Tani har gwiwarta na taɓa tabarmar. Wata guda ke nan ba wanda ya matso Tani haka.

"Sannu, Mama. Ina kwana? Ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, Mama. Na ga aikinki, ban taɓa ganin irinsa ba. Zan iya ganin hannun?"

Da kanta ta kwance tsumman. Ta daɗe tana kallo, fuskarta ta canja.

"Mama, wannan ya fi kama da ƙuna. Akwai abin da kike taɓawa a wurin aiki? Ki faɗa mini, ba abin da zai same ki."

Maganar tana bakin Tani, kalma ɗaya ce. Ta ɗaga ido. A bayan baƙuwar Lukumanu na tsaye, gumi ya jiƙa masa wuyan riga kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. A bayansa yayanta, carbin ya tsaya cak. A bayansu matan unguwa sun yi cirko-cirko suna miƙa wuya. Ta tuna ankwa. Ta tuna ba ta da wani gidan.

"Ba abin da nake taɓawa sai rama da ruwan rafi," in ji ta. "Ciwo ne daga Allah, 'yar nan. Kuturta ce. Lukumanu yana iya ƙoƙarinsa."

Rumasa'u ta sake duban hannun kamar ba ta gamsu ba, amma mai ciwo ta yi magana da bakinta. Ta juya ta ce wa Lukumanu ai kuturta tana warkewa, maganinta ma kyauta ake bayarwa, lallai a kai ta asibiti cikin makon nan. Ya ce wallahi an riga an shirya, ranar Litinin za a tafi. Ta rubuta a littafinta. Ta mayar wa Tani da tsumman a hankali, ta yi mata addu'a, ta fita. Da motar ta tashi Malam Ɗanmaliki ya leƙo ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Tani." Ranar har da nama a kwanonta, da ƙafa aka turo shi.

Litinin ta zo ta wuce. Lukumanu ya ce babur ya lalace. Wata Litinin ɗin ya ce yana Kano. Ta uku ba a ma ba da dalili ba. Malam Ɗanmaliki ya ce tunda ciwon ya fara bushewa, me za a je a tono? Ya bushe ɗin kuwa. Fata ta rufe, mai sheƙi, a ɗaure, yatsu huɗu na dama suka lanƙwashe suka tsaya a haka. Wata rana da rana tsaka ta jawo mazarinta da gefen hannu, ta ɗora a cinya, ta nemi murza shi. Ta ga zaren a tsakanin yatsunta amma ba ta ji shi ba. Ta gwada har sau biyar, sannan ta tura shi ƙarƙashin tabarma ta zauna ta yi kuka mai isarta, ba wanda ya leƙo.

Bayan wata biyu takarda ta zo daga Kano. Ƙungiya ta gamsu, ta ba da kashi na biyu, wanda ya fi na farko. A cikin takardar har an yaba wa Lukumanu saboda yadda ya riƙe gwaggonsa mai lalura bai yar da ita ba. Ya karanta wa mahaifinsa wurin nan sau biyu a zaure, da ƙarfi, suka yi hamdala.

Haka ake cin mutum a cikin gida, ba duka ba zagi, kowa da uzurinsa mai kyau. Ɗa ya ce lokaci ne ya ƙure, uba ya ce rufin asiri ne, suruka ta ce ita bin miji take yi. Ba wanda ya rasa barci. A can Kano kuwa an rataye zanen a ofis, da rubutu a ƙasansa cewa an yi shi ba tare da cutar da ƙasa ko ruwa ba. Ba su san rabin gaskiya suka faɗa ba, don ba a rubuta komai game da mutum ba.

Wata safiya Tani ta ji hayaniyar mata a bayan ɗakinta. Ta tura ƙofa da kafaɗa ta leƙa. Duro takwas ne yanzu a jere, cike da ruwa da rama. Buhu babu, don tun da asuba Lukumanu ya haɗa abinsa ya kawar. Mata shida na tsaye suna naɗe hannun riga, Tasalla a gaba. Lukumanu na gaya musu cewa ruwan toka ne da 'yar kanwa, irin na iyaye da kakanni, kuma duk yamma za a sallami kowa.

Tani ba ta san lokacin da ta fito ba. Ta nufe su tana ɗaga hannuwanta sama.

"Tasalla, kada ki sa hannu. Soda ce a ciki. Ni ba kuturwa ba ce, ruwan nan ne ya cinye mini hannu. Ku duba ku gani."

Matan suka dare, wata ta rufe hanci da gefen mayafi. Bahijja ta fito daga madafa tana girgiza kai. "Kun gani ko? Kwana biyun nan haka take yi. Ciwon ya fara taɓa mata kai."

"Gwaggo, koma ɗaki ki huta," in ji Lukumanu da murya mai sanyi. "Rana za ta dame ki."

Tani ba ta dube su ba, ƙawarta take kallo. "Tasalla, shekara nawa muna tare? Na taɓa yi miki ƙarya?"

Tasalla ta kawar da kai. Marayu uku take riƙo, kuma bana gyaɗarta ba ta yi ba.

"Tani, da bakinki kika faɗa wa baƙuwar nan, muna tsaye muna ji. Ciwo ba abin kunya ba ne, Allah ya ba ki lafiya."

"Ƙarya na yi ranar. Yau nake faɗa miki gaskiya."

Ta ƙara taku ɗaya za ta kama ta, sai Tasalla ta yi baya da sauri har ta bugi duro.

"Tsaya daga nan, Tani. Daga nan ma ina jin ki."

Tani ta tsaya. Tana kallo Tasalla ta juya mata baya, ta yi bisimilla, ta tsoma hannuwanta biyu a cikin duron har gwiwar hannu.